Tarihin Maganin Barci da Dakarun Jinin Tsofaffi

Duk wanda ya taɓa raka tsoho asibiti daga ƙasar Gaya ko Ajingi ya san maganar da a kan yi a bakin ƙofa in likita ya ce sai an yi aiki. Tsohon ba ya tambayar wuƙa. Abin da ya kan tambaya shi ne, "Barci za a sa ni?" In an ce masa i, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi, ya ce a mai da shi gida ya yi shawara tukuna. Sau da yawa shawarar nan ta kan ci wata 6, ko shekara guda, ƙabar da ya zo da ita kuwa tana ta ƙara girma. Mutane na cewa allurar barci tana karya tsoho, ko ya farka ma cuta ba ta jin tsoronsa kamar da. To, maganar nan akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, akwai kuma kuskure babba. Likitocin duniya sun fi shekara 100 suna bin diddiginta, kuma ya kamata mai karatu ya ji yadda aka fara da inda aka kwana.

Bari mu soma daga gida. Gaya garin maƙera ne tun fil azal, har masu tarihi na cewa Abagayawa, waɗanda suka zauna gindin Dala don neman tama, daga nan suka tashi. Maƙeri ya ƙera aska, wanzami ya yi aiki da ita. Shi ke kaciya, shi ke cire beli, shi ke ƙaho, shi ke sakiya in maruru ya nuna. Amma maganin zafi ba shi da shi, sai dauriya, da ƙarti masu danne mutum. Saboda haka aikinsa duka a bakin fata ya ke tsayawa, ba ya shiga ciki. Kada wani ya zaci Turawa sun fi mu a wannan fanni a zamanin da. Su ma gwaninsu shi ne mai sauri, wanda zai yanke ƙafa cikin minti 2 ko 3, majiyyaci na kururuwa. Malaman Larabawa, irin su Ibn Sina, sun rubuta labarin tsire-tsire masu gusar da hankali, daga wurinsu ne ma muka sami kalmar banju. Sai dai ba wanda ya iya auna su daidai. In an ba da kaɗan mutum ya ji wuƙa, in an ƙara ya zarce.

Ran 16 ga watan Oktoba, 1846, a babban asibitin birnin Bostan na ƙasar Amurka, wani mai cire haƙori sunansa William Morton ya shaƙa wa wani saurayi tururin wani ruwa da a ke kira eta. Saurayin ya ɓingire. Likita John Warren ya yanke masa wani ƙari a wuya, bai yi ihu ba. Kafin shekarar ta ƙare labari ya haye teku, an gwada a Landan. Da shekara ta kewayo, cikin 1847, Likita James Simpson na Edinbara ya fito da kulorofom, wanda ya fi eta daɗin shaƙa da saurin kamu. Mutane suka yi ta murna, amma murnar ba ta daɗe ba. A watan Janairu na 1848 aka shaƙa wa wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, don a cire mata farcen ƙafa kawai, ta mutu nan take. Tun daga ran nan likitoci suka san abin nan mai kaifi biyu ne. Duk da haka bai hana Sarauniya Biktoriya ta shaƙe shi ba wajen haihuwarta ta 1853, kuma da aka ji Sarauniya ta yi, sai sauran jama'a suka saki jiki.

Hanya ta biyu daga wajen masu harshen Jamus ta fito. A 1884 wani likitan ido a birnin Biyana, Carl Koller, ya ɗiga ruwan koken a ido, ya ga ana iya taɓa idon mutum yana farke bai ji kome ba. Sa'an nan a 1898, a garin Kiel, Likita August Bier ya yi tunanin zuba maganin cikin ruwan da ke kewaye da lakar ƙashin baya, inda jijiyoyin ƙafafu da na mara su ke haɗuwa. Da ya gwada wa majiyyata kaɗan, sai ya ce ba zai ci gaba ba sai ya san abin da su ke ji. Shi da mataimakinsa Hildebrandt suka yi wa juna. Ta Bier ba ta kama ba, ta mataimakin ta kama. Bier ya ɗana masa wutar taba a ƙafa, ya ƙwala masa guduma a ƙwabri, mutumin nan bai ji ba. Suka yi shagali da dare. Da gari ya waye ciwon kai ya kwantar da su duka biyu, Bier har kwana 9 bai tashi ba. Wannan ita ce asalin allurar baya da a ke yi wa iyayenmu yau, wadda ke kashe rabin jiki daga cibiya zuwa ƙasa, mutum yana jin hirar likitoci.

Hanyoyin nan biyu sun iso ƙasar Kano tare da asibitin Turawa. Da can mutumin Gaya sai ya bi ta Wudil, ya yi tafiyar kusan mil 40 zuwa asibitin cikin birni, wanda daga baya aka sa masa sunan Murtala, ko zuwa asibitin ido na mishan da aka buɗe a 1943. An kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, kuma Gaya ma tana da babban asibitinta. Ayyukan da suka fi kai tsofaffinmu ɗakin tiyata sanannu ne: ƙaba, gwaiwa, toshewar fitsari, yanar ido, da karayar ƙugu in an faɗi. Galibinsu daga cibiya zuwa ƙasa ne, ko kuwa a ido, watau ana iya yin da yawa daga cikinsu ba tare da an sa mutum barci ba sam.

Yanzu sai mu koma ga jini, don a nan maganar karya tsoho ta ke. A cikin jinin kowane mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma farare, waɗanda ba su kai jajayen yawa ba. Ba a gane aikin fararen sosai ba sai a 1882. Wani malami mutumin Rasha, Metchnikoff, yana zaune a Messina, bakin teku a ƙasar Italiya, yana duban 'ya'yan wata halittar ruwa masu jiki garai-garai kamar gilashi. Sai ya soka wa ɗaya ƙaya, ya bar ta ta kwana. Da safe ya duba ta madubin likita, ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi sun yi wa ƙayar taron dangi. Daga nan ya gane cewa fararen ƙwayoyin jininmu haka su ke yi wa duk baƙon da ya kutsa jiki, su kewaye shi, su haɗiye. Ruwan mugunya da ke fita daga maruru, yawancinsa gawawwakinsu ne. Su za mu kira dakarun jini. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu cin ƙwayoyin cuta ɗanye, akwai masu riƙe kamannin cutar da ta taɓa zuwa don su gane ta in ta komo, akwai kuma waɗansu da aka gano a 1975, masu sintiri suna kashe duk ƙwayar jiki da ta lalace tana neman zama sankara.

Da aka san da dakarun nan, ba a daɗe ba sai aka tambaya, shin abin da ke sa mutum barci, su ma yana sa su? A 1911 wani matashin likita a Shikago, Evarts Graham, ya auna, ya ga lalle eta na rage musu kuzari wajen cin ƙwayoyin cuta. A 1916 waɗansu masu bincike biyu, Gaylord da Simpson, suka ga sankara ta fi saurin girma a jikin ɓerayen da aka yi ta sa su barci. A 1956 kuma, a birnin Kofenhagen, aka yi kwanaki ana shaƙa wa masu ciwon sarƙe haƙora wata iska da a ke kira iskar dariya don a kwantar musu da jijiyoyi, sai aka ga fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. Ashe dai tsohon Ajingi da ya ce maganin barci na taɓa ƙarfin jiki bai faɗi ƙasa ba.

Me ya sa abin ya fi damun tsoho? A bayan ƙashin ƙirji akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira taimus. An daɗe ana zaton ba shi da amfani, sai a 1961 Jacques Miller ya nuna cewa shi ne makarantar da a ke horar da wani babban rukuni na dakarun jini. Naman nan a jikin yaro ya ke da ƙarfi. Daga balaga sai ya fara motsewa, kafin mutum ya tsufa yawancinsa ya zama kitse. Saboda haka ɗan shekara 70 da tsofaffin dakaru ya ke yaƙi, sababbin shiga kaɗan ne. Waɗanda ke nan kuma ba su da saurin isa wurin rauni kamar da. Har ila yau, wani abin da ya kamata 'ya'ya su sani, tsoho na iya kamuwa da mugun ciwon huhu jikinsa bai yi zafi ba. Alamar da za a gani kawai ita ce ya ƙi abinci, ko ya rikice yana kiran sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa. A ƙauye sai a ce allurar barci ce ta taɓa masa kai, ko a ce iska ce, alhali kuwa sau da yawa cuta ce ta shiga.

Amma fa da bincike ya yi nisa, sai aka ga ba a yi wa maganin barci adalci ba, don ba shi kaɗai ke cikin ɗakin ba. Akwai wuƙa. Duk sa'ad da aka yanka jiki, ko mutum na barci, jijiyoyi na kai labari ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umurci waɗansu 'yan ƙulli biyu da ke bisa ƙoda su zubo sinadaran firgita cikin jini. Sinadaran nan na tayar da bugun zuciya, su ƙara sukari a jini, kana su danne dakarun jini na 'yan kwanaki. Gwargwadon girman yanka, gwargwadon dannewar. Zafin ciwo bayan aiki ma haka ya ke yi, magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin su ma suna da nasu rabo. Daga nan sai likitoci suka yi wani lissafi mai kyan gani. Suka ce, tun da allurar baya na tare labarin a hanya kafin ya kai ƙwaƙwalwa, ai ita za ta bar dakarun jini da ƙarfinsu. Suka auna jinin majiyyata, suka ga sau da yawa haka ne. A 2003 masu bincike a Isra'ila suka gwada magungunan barci 4 a jikin ɓeraye. Uku daga ciki, har da ketamin wanda asibitocin karkara na Afirka suka dogara da shi ƙwarai, sun raunana dakaru masu sintirin nan. Na huɗun, wani farin ruwa mai kama da madara da a ke kira furofofol, bai raunana su ba. Sa'an nan a 2006, a birnin Dablin na ƙasar Ailan, aka duba takardun mata 129 da aka yi wa aikin sankarar mama. Cikin 50 da aka haɗa musu da allurar kashe jijiyoyin gefen ƙashin baya, 3 kaɗai ciwon ya komo wa. Cikin 79 da ba a yi musu ba, ya komo wa 19.

Wannan labari ya girgiza likitoci, har waɗansu suka ce an gama magana. Masu hankalinsu suka ce a dakata. Duban tsofaffin takardu na iya ruɗin mutum, don wa ya sani ko likitan can da gangan ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya yi musu allurar? In ana son gaskiya, sai a tara mutane da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, yadda son rai ba zai shiga ba. Aka yi haka. Aka tara mata fiye da 2,000 a asibitoci 13 na ƙasashe dabam-dabam, aka yi shekaru ana bin su. Da aka bayyana sakamako a 2019, sankara ta komo wa 10 cikin 100 a wannan gida, ta komo wa 10 cikin 100 a wancan.

Wanda ya fi shafar tsofaffi kai tsaye shi ne na 2021. A asibitoci 46 na Amurka da Kanada aka tara mutum 1,600 masu karayar ƙugu, tsaka-tsakin shekarunsu wajen 78. Rabi aka yi musu allurar baya, rabi aka sa su barci sosai. Bayan kwana 60 aka ƙidaya waɗanda suka rasu ko suka kasa takawa. Aka sami wajen 18 cikin 100 a kowane gida. Rikicewar hankali bayan aiki ma kusan kunnen doki aka yi. A ganina babu abin kunya a nan ga waɗanda suka yi lissafin farko. Abin da suka gani cikin jini gaskiya ne, dakarun na yin rauni. Sai dai raunin da ke zuwa daga irin magani ƙarami ne, na 'yan kwanaki, kuma manyan abubuwa sun rinjaye shi. Allurar baya tana da nata amfani, ga araha, ga ba ta bukatar manyan na'urori, ga mai ciwon ƙirji ta kan fi sauƙi. Tana kuma da nata haɗari, don ta kan sa jinin tsoho ya faɗi farat ɗaya. Zaɓin wadda ta dace aikin mai ba da maganin ne, bayan ya auna zuciya da huhu da jini.

To, waɗanne ne manyan abubuwan? Ɗaya daga cikinsu zai ba mai karatu mamaki, don sanyi ne. Ko da wace hanya aka bi, jikin wanda a ke yi wa aiki ya kan huce, tun ba tsoho marar kitse ba. In jiki ya huce, hanyoyin jinin fata na tsukewa, iska ba ta isa bakin rauni sosai, dakarun jini kuwa da iskar nan su ke ƙona ƙwayoyin cutar da suka haɗiye. A 1996 aka ba da labarin wani gwaji da aka yi a ƙasar Ostiriya da mutum 200 masu aikin hanji. Aka ɗumama rabi a lokacin aiki, rabi aka bar su yadda aka saba. Bambancin zafin jikinsu bai wuce awo 2 a ma'aunin zafi ba. Amma cikin waɗanda aka ɗumama, 6 cikin 100 ne rauninsu ya yi ruwa, cikin sauran kuwa 19. Ga shi ba wani magani mai tsada aka ba su ba. Duk wanda zai yi jinyar tsoho a asibiti da hunturu, in ya manta da kome, kada ya manta da bargo. Bayan sanyi sai yunwa da ƙarancin jini, sai ciwon sukari da ba a kula da shi ba, sai taba, duka suna kassara dakarun jini tun kafin a shiga ɗakin aiki.

Na ƙarshe, wanda ya fi kusa da mu, a Afirka aka auna shi. A 2018 aka bayyana ƙidayar majiyyata fiye da 11,000 da aka yi wa aiki a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Yawancinsu ba tsofaffi ba ne ma, amma wajen 2 cikin 100 suka rasu. Matsalar da ta fi yawa ita ce shigar ƙwayoyin cuta, ta sami wajen 1 cikin 10. Abin lura shi ne, cikin mutum 239 da suka rasu, kaɗan ne ƙwarai suka rasu a ranar aikin. Fiye da 9 cikin 10 a kwanakin baya suka tafi, a ɗakin jinya, inda ma'aikata suka yi kaɗan, ba mai lura da sauri cewa numfashi ya sake ko jiki ya yi zafi. Watau barcin da tsoho ke tsoro, galibi a kan farka daga gare shi. Kwana na 2 da na 3 da na 4, sa'ad da dakarun jini ke ƙasa, su ne wurin tsaro.

Mu ɗauka wani dattijo ne a wani ƙauye na Ajingi, yana da ƙaba, tana fita tana komawa. In ya zo yanzu da ƙafarsa, za a auna jininsa, a tambaye shi magungunan da ya ke sha, na asibiti da na gargajiya, ya kuwa kamata ya faɗi duka. In jininsa ya hau, a saukar da shi tukuna. A sa masa rana. Mai yiwuwa allurar baya za a yi masa, ko ma a kashe wurin kaɗai, aikin bai fi sa'a guda ba, yankan kuma bai fi tsawon yatsa da kaɗan ba. Washegari a ce ya tashi ya taka, don kwanciya ita ke tara majina a huhu. In kuwa ya koma gida shawara, wata rana cikin damina yana tsakar noma hanji ya fito ya ƙi komawa, to, sai amai, sai kumburin ciki. Kafin a sami mota a fito da shi ta hanyar da ruwa ya ɓata, an kwana an wuni. Zai iso jikinsa a bushe, wani yanki na hanjin ya riga ya mutu, ƙwayoyin cuta sun fara shiga jini. A ran nan likita ba shi da sauran zaɓi, dole ya buɗe ciki da tsakar dare, kuma dole a sa dattijon barcin nan da ya guje wa tun bara.